Mai Liƙa Murmushi

Da asuba nake hawa,
kafin Gadar Kawo ta fara tarin hayaƙi.
Bulus na riƙe da tsani a ƙasa yana hamma,
ni kuma igiya a ƙugu, tamfol a kafaɗa,
zan kai wa gari abin da zai yi kwaɗayi yau.

Shekara goma sha tara ke nan.
Na liƙa sabulu, na liƙa layin waya,
na liƙa shinkafa mai tururin da ba ya ƙona hannu,
na liƙa 'yan takara bakwai a allo ɗaya,
wannan bisa wancan kamar ɓawon albasa,
in ka ɓare, ido ne ke biya.

Ku da ke ƙasa, mace kuke gani,
haƙora farare tas, kallabi ruwan goro,
ta miƙo cokali tana cewa ku ɗanɗana.
Ni da hancina ke gogar kumatunta
ɗige-ɗige kawai nake gani:
ja, shuɗi, rawaya, baƙi,
kamar an watsa gero a tabarma.
Sai an ja da baya take zama mutum.
Sai an yi nisa take zama alkawari.

Hindatu, autata, tana karatun jarida a Poli.
Ran Juma'a ta zana mini a bayan kwalin sukari:
ga mai aika saƙo, ga saƙon, ga hanyar da ya bi,
ga mai karɓa can ƙarshe da manyan kunnuwa.
A tsakani ta ja wani layi mai tafiyar tsutsa,
ta ce, Baba, wannan ita ce hayaniya,
duk abin da ke hana magana isa gida.
Na ce, to ni fa, ina nake?
Ta ciji biro, ta ce, kai ne hanya.
Na ce, madalla,
ai ba a tambayar hanya ko ta yarda da matafiyi.

Wai sau bakwai ake so ido ya gani
kafin hannu ya shiga aljihu.
Mai keken da danja ke tsarewa a ƙarƙashina
ya gani sau dubu.
Ido ya ji, ciki ya ji,
aljihun ne kurma.

In kwangila ta ƙare, mu sauke ta.
Ba mai tambayar inda murmushi ke zuwa ritaya.
Rigasa yake zuwa.
Goshinta na rumfar Garzali mai shayi,
cokalin ya zama labulen banɗakin maƙwabta,
bakin kuma ni na ɗauka,
na rufa wa Talatu madafa da shi.
Ƙarƙashinsa take kaɗa miyar kuka ba nama,
hayaƙi ya rina haƙoran kamar na mai cin goro.
Da damina ruwa na ɗiga ta wata hudar da ke leɓe,
mu tara roba,
jikana na rera waƙar tallar daga farko har ƙarshe,
shi da bai iya ƙirga ashirin ba.

Jiya manaja ya kira mu inuwa.
Za a kafa allo mai wuta a shataletale,
fuska mai ƙifta ido, mai sauya kanta da kanta,
ba tsani, ba igiya, ba Tanimu.
Bulus ya dube ni, na dubi takalmina.
A hanyar gida ya ce, yanzu sai yaya?
Ban ba shi amsa ba sai da muka wuce Kasuwar Barci.

Na ce, abu ɗaya ke damuna, Bulus.
Ranar da wannan ta gaji da murmushi,
ɗakin wa za a rufa da ita?