Lamba Biyar

A La Borne, inda daji ya kewaye gari
kuma kowane bayan gida da tsibin faskare,
Maëlle ta zo koyon ginin tukwane wurin Anselme
da tabarau irin na bakin teku a saman goshi.

Tsohon ya karɓa, ya jujjuya shi
kamar mai taya kaza a kasuwa.
Ya ce, wannan na rana ne, yarinya.
Rana tana can nesa, tana da kunya.
Tawa wutar taku biyu ce daga hancinki.

Ya ja fatar idonsa na hagu da yatsa.
Fari fat a tsakiya, kamar an ɗiga nono a rijiya.
Shekara arba'in da ɗaya, in ji shi,
ina zare bulo ina leƙa tanderu da ido tsirara,
ban taɓa jin ciwo ba, ko sau ɗaya.
Abin da ke cin ido ba ya sallama,
ba shi da launi, ba shi da ƙara.
Baƙin gilashin ado kuwa munafuki ne:
ya rage haske, ƙwayar ido ta saki jiki ta buɗe,
ɓarawo ya tarar da ƙofa a wangale.

Ran Laraba suka tafi Bourges, ita ke tuƙi.
Shagon kayan walda, warin ƙarfe da man inji.
Madam Perrine ta jera guda uku a tebur.

Na farko ruwan hoda, gwanin kyau,
na masu hura gilashi.
Maëlle ta kai hannu, tsohon ya ɗan doke shi:
rawayar harshen wuta kaɗai yake kashewa,
zafin ya bi ta cikinsa ya wuce abinsa.

Na biyu kore, lamba uku.
Zai yi, in ji Perrine, ga mai tanderun lantarki.

Ta saka na ukun.
Shagon ya nutse kamar ƙasan tafki,
Perrine ta zama inuwa mai magana.
Ba na ganin komai, in ji Maëlle.
Madalla, in ji shi. Ba nan za ki gani ba.

Ya sa ta karanta masa ƙananan haruffan gefe,
ta ɗaga shi saitin fitila ko akwai tsaga,
ta girgiza kai, ta sunkuya, bai zame ba.
Ta dubi madubi: kwaɗo sak.
Yuro goma sha tara. Shi ya biya,
da tsabar kuɗi, yana lalube.

Dare na uku da kunna wuta.
Hayaƙi ya daina, bututu na tofar da ja.
Gashin hannunta ya ƙone tun jiya.
Ta zare bulon da safar fata,
ta ja baya rabin taku kamar yadda ya koya mata,
ta leƙa.

Farin da jiya ya hana ta gani
yau ya kwanta, ya zama koren ganye.
Ga kafaɗar tulunta, toka na narkewa a kai
tana gangarowa a hankali kamar zuma.
Ga 'yan ƙahonin yumɓu uku da suka kafa shaida:
na farko ya kwanta,
na biyu ya rusuna kamar mai gaida suruki,
na uku tsaye ƙyam, bai yarda ba tukuna.

Me kike gani?

Ta faɗa masa, ɗaya bayan ɗaya.
Yana zaune kan kututture, ya ba wutar baya,
kunnensa na wajen rurin da take yi.
Ya ce, na ji hakan.
Mayar da bulon, kar ki daɗe.
Ƙara itace huɗu, sirara.