Fijon Baba a Huddersfield

Kwana arba'in da ɗaya ta yi a kwantena,
cikin duhu, bisa ruwan da ba ta taɓa gani ba,
ita da ko kogin Haɗeja sai ta kan gada.
Da aka buɗe ƙofa a tashar jirgin ruwa
ƙamshinta ya riga ta fitowa:
fetur, tsohuwar kujera,
da ɗan turaren da Baba ke ɗigawa
a kan sitiyari ranar Juma'a.

Kwastan suka karɓi nasu.
Takarda ta haifi takarda, jikar ma ta zo da goyo.
Aka ce sai lambar shasi.
Na durƙusa da tsumma da kananzir
kan maiƙon shekara talatin da bakwai,
wankin allo a baibai:
ina wankewa, rubutu na fitowa.

Garejin Mista Holroyd na bayan tsohuwar masaƙa.
Ya danna maɓalli, mota ta tashi sama.
Ban taɓa ganin cikinta ba.
Sai na kau da kai, kamar an kware wa babba zane.
Shi kuwa ya shige ƙarƙashi da tocila da 'yar guduma,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
yana farautar tsatsa.
Ya fito hannu rabbana.
"Ina kuka ajiye ta haka?"
Na ce Gumel,
inda ruwan sama baƙon wata uku ne.

Duk da haka ta faɗi.
Birkin baya na hagu ya yi sanyi.
Salansa kuma da waya take ɗaure,
ɗaurin Ɗan'azumi bakanike,
wanda ya rantse zai kai mu Kano mu dawo,
ga shi ya kai shekara ashirin,
ya ƙetare teku.
Holroyd ya daɗe yana kallon ƙullin
kafin ya rubuta cewa bai yi ba.

Na uku, fitilu.
Ya haska su a bango ya nuna mini da biro:
haskensu na karkata dama,
gefen da aka koya musu tun suna sababbi,
a nan kuwa idon mai tahowa za su tsone.
Ban yi musu ba.
Shekarata ta fari a garin nan
ni ma dama nake ba wa hankalina,
sau biyu bas ta kusa yin gaba da ni.

Mako uku ina jiran kaya daga Faransa.
Na cire oda mai kukan agwagwa.
Layar da ke bayan madubi dai na bar ta,
babu layinta a fom ɗinsu.

Zuwa na biyu ya sa hannu bai ce uffan ba,
sai da na kai ƙofa:
"Kar ka fito da ita da hunturu.
Gishiri muke zuba wa titi."
Abin da muke auna wa miya da yatsa uku
shi zai ci abin da ramukan hanyar Maigatari suka kasa.

Wasiƙa ta iso ranar Talata, ambulan ruwan ƙasa.
Sabuwar lamba, fara a gaba, rawaya a baya.
Tsohuwar na rataye ta a kicin, sama da firji.

Ran Lahadi na hau da ita kan tudu.
Ni ne a gefen kwalbati, ina gogar ciyawa,
kujerar dama, wadda nan ta direba ce,
ba kowa a kanta.
A giya ta uku ta yi 'yar gardamar nan tata.
Na ɗaga ƙafa, na ƙirga biyu,
yadda yake yi.
Ta shiga.