Shaida Lamba Ɗaya

Ranar Talata aka ajiye mini fayil,
siriri, takarda uku da tabon shayi.
Wanda ake tuhuma: Barau Maikaho,
shekara sittin da bakwai in lissafinsa daidai ne,
manomi, daga wani ƙauye bayan Alkaleri.

A shingen Dindima aka tsayar da su,
motar haya, mutum tara da buhun gyaɗa biyu.
Kofur ya ɗaga tabarmar ƙarƙashin kujera,
sai ga ta kwance kamar mai jinya:
adaka ce, an ɗaure gindinta da robar keke,
kunamarta ta karye tun kakar bara.

"Wurin maƙeri zan kai ta," in ji shi.
"Lasisi fa?"
Ya zaro wata takarda daga cikin hula,
ta sha gumi har ta yi laushin ganye.
Ta mutu tun ina aji uku,
kuma sunan ubansa ne a kanta.

Ni ne mai gabatar da ƙara.
Aikina in miƙe, in gyara riga, in ce:
Ya mai shari'a, doka ba ta san biri ba,
ba ta san masarar da ya karya ba,
ba ta taɓa kwana kan rumfar gona
tana sauraron gurnanin gadu.
Abin da ta sani ƙarfe ne mai baki,
cikin mota, kan titin kowa, ba takarda.

Kuma ba zan ce doka ta yi ƙarya ba.
Na tsaya kan gawar Ɗanlami direba
da aka tare a hanyar Ningi bayan magariba.
Abin da ya huda ƙirjinsa
shi ma a ƙarƙashin wata tabarma ya yi tafiya,
shi ma wani ya ce masa, wuce.

Sai dai ni ma ina bin hanyar nan.
Na ga masu baƙin gilashi suna zuwa da jiniya,
bakin bindiga na leƙe ta taga kamar akuya a motar kasuwa.
Kofur ya ja katakon ƙusa gefe,
ya ƙame, ya sara,
ƙura ta rufe masa takalmi.
Fayil ɗinsu bai san hanyar teburina ba.

A kotu, nan Bauchi, fanka na juyawa da ƙyar.
An kwantar da ita kan tebur,
an rataya mata takarda a wuya: Shaida Lamba Ɗaya.
Tsohon bai dubi alƙali ba, bai dube ni ba,
ita yake kallo.

Na karanta tuhuma, murya ba ta rawa.
Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba.
Da aka ce, akwai abin da za ka ƙara?
na ce, laifinsa na farko ne,
kuma ko kaza ba ta iya harbi yadda take.
Wani ya yi dariya a baya, aka tsawata masa.

Tara, ko wata uku. Bindiga ta zama ta hukuma.
Ɗansa ya fita da waya a kunne,
ina jin yana cinikin tunkiya a baranda.

A bakin ƙofa ya kama hannuna,
tafinsa kamar bayan faskare.
"Yaro, tunda wurinku za ta zauna,
a riƙa shafa mata man gyaɗa.
Ba ta son damina."

Na ce, to, Baba.

Ɗakin ajiyarmu yoyo yake tun bara,
akwai irinta goma sha ɗaya jingine da bango.
Ban faɗa masa ba.
Na koma tebur, an riga an ajiye wani fayil.