Kwandon da Ya Karkace

Batula, ƙaro jabana, ki sa citta da yawa,
yau Mu'awiya ya tono tsohon zance.
Rana ta jingina da Dutsen Taka,
mu huɗu ne a benci. Da can mun fi arba'in.

Wai na tuna kwandon kwalejinmu?
Duk Kasala wa zai manta?
Rodi ne, Jibir mai walda ya lanƙwasa shi bashi,
ya ɗan sunkuya hagu kamar mai jin kunyar baƙi.
Ragar kuwa uwar Attahiru ta saƙa
da ragowar igiyar gadonta,
ƙwallo in ta shiga sai ta maƙale,
sai an nemo gora an zunguro ta.
A namu ɓangaren ba a cika neman gorar ba.

Shekara bakwai.
'Yan Madani suka zo, suka yi mana cin kaca.
'Yan Atbara suka zo, suka sha ruwanmu,
suka lallasa mu, suka yi godiya.
Ni ke riƙe da alli a allon maki:
layin baƙi, hannuna fari fat har gwiwa,
layinmu, guntu ɗaya ya kai ni shekara biyu.

Ustaz Dafa'allah malamin lissafi ne,
aka ɗora masa horarwa don ya fi kowa tsawo a ofis.
Usur a wuya, rajista a hammata.
In an tashi saba'in da sha takwas
sai ya ce, "Bara sha huɗu muka samu. Ana gaba."
Allah Ya jiƙansa, bai taɓa yi mana ƙarya da lamba ba.

Takalma ƙafa biyar gare mu.
In za a yi canji sai alƙali ya jira
mai fita ya kwance, mai shiga ya ɗaure,
da ɗuminsu.
Daren da wuta ta ɗauke ana bin mu talatin
muka yi ta kabbara a cikin duhu.
Siddiƙ ya rantse ba zai taɓa gemu ba sai mun ci,
da shi aka ɗaura masa aure,
da shi ya yi suna biyu.

Sai wata Alhamis, da 'yan Gadarif.
Arba'in da arba'in, saura numfashi ɗaya.
Idrisa Guntu ya rufe ido ya wurga,
ƙwallo ta zaga baki, ta zaga, ta yi shawara,
karkacen nan ya janyo ta ciki.
Ta maƙale.
Babu wanda ya nemi gora.
Kwana uku tana rataye, mata na biyowa daga kasuwa su gani.

Haka dai suke faɗa mini.
Shekara bakwai ban fasa zuwa ba sai rannan,
haƙori ya kwantar da ni,
na ba wani yaro allina.
Mu'awiya ya ce daga tsakiyar fili aka jefa,
Siddiƙ ya ce daga bakin ƙofa.
Duk shekara Idrisa na ƙara ja baya,
in mun ƙara rai zai jefo daga ƙetaren Gash.

Yanzu sun yi zaure mai fanka, allo na gilashi,
kofuna a kabad, kowane yaro da takalminsa.
Mun je sau ɗaya. Suka ci da ashirin.
Muka tafa,
muka rasa abin yi da bakinmu,
muka dawo tun kafin isha'i.

Tsohon kwandon?
Duba ƙarƙashin butar Batula, a kan gawayi.
Shi ya sa take karkata hagu.
Riƙe finjalinka da kyau, Mu'awiya,
in ta tsiyaya ba ta cika samun daidai ba.