Tsatsa a Jijiya

Shekara talatin da ɗaya ina walda a Dilimi.
Ƙarfe ya ci min farce, ya ƙone min gira,
na sha hayaƙinsa kamar kunun safe.
Sai ga likita, yaro sa'an ɗana,
ya ja fatar idona, ya duba takarda,
ya ce, "Baba, ƙarfe ya ƙare a jininka."

Na yi dariya har numfashi ya sarƙe.
Ubana a ramukan kuzan Bukuru ya tsufa,
yau kuma wai maƙeri ne zai fita aron wuƙa.

Amma na san gaskiyarsa.
Tun bara hawan Gangare ke tsayar da ni sau uku,
guduma ta yi nauyin buhun dankali.
Ina tauna ƙanƙara a ɓoye, cikin sanyin Jos,
kamar mai laifi.
In na wanke hannu, tafin fari fat.

Ƙwayoyin na sha, wata biyu cur.
Ciki ya ƙi, gyambo ya motsa,
bayan gida ya koma kwalta.
Aka ce to, a bi ta jijiya.

Ga ni a Lamingo, gado na huɗu daga taga.
Sista Kangyang ta ɗaure min dantse,
ta bubbuga bayan hannuna da yatsa biyu
yadda nake bugun bututu in ji inda ya tsage.
Ta rataye leda. Ruwan ja ne mai duhu,
irin na bokitin da nake tsoma jan ƙarfe.
Na ce, "Tsatsa!"
Ta ce, "Kwanta, Baba.
In ka ji ƙaiƙayi, ko ƙirji ya matse, kira ni."

Ɗigo. Ɗigo.
Ban taɓa ganin aikin ƙarfe shiru haka ba,
ba tartsatsi, ba baƙin gilashi,
ba zaman jiran a kawo wuta.
A harshe kawai na ji ɗanɗanon ƙusa.

Ɗanliti ya leƙo, hannu duk baƙin mai,
wai mai ƙofar Rikkos ya zo sau biyu.
Ka ba shi haƙuri.
An ce sai an yi makonni kafin jiki ya amsa;
ƙarfe ba ya son gaggawa, ni na koya maka.
Rufe shago da wuri.
Kuma kada ka taɓa injin yankan nan,
wayarsa tsirara take.