Dutse Ba Ya Gudu

Tun assalatu muna tashar Madina,
ni da Tanko, koko na tururi a leda.
Direba ya ce sai mota ta cika.
Hantsi ya yi, saura mutum guda.

A gadar Adomi aka miƙo abolo ta taga.
Daga nan kwalta ta gaji,
ramuka suka karɓi tuƙi.
Tanko na barci a kafaɗata,
sabon takalminsa a cinya kamar jariri.

Da la'asar Afajato ya leƙo ta cikin gajimare.
Ni da ban taɓa hawan abin da ya fi benen Nima ba,
na ce, "Tashi, ga shi can."
Ya dubi kumburarrun ƙafafunsa.
"Sai gobe. Dutse ba ya gudu."