Ɗigo Uku

A bayan layin masu gyaran agogo, Sabon Gari,
inda rumfa ke jingine da rumfa kamar tsofaffin aminai,
nan Malam Dalhatu ke zaune cikin kayan mutanen da.
Ba ya kiran ciniki.
Ya ce abin da ya shekara sittin bai fashe ba
zai iya jiran mai shi har la'asar.

Ni abin ado kawai na zo nema,
wanda zan ɗora a sabon falo,
baƙi su tambaya, in ce ai tsohon hannu ne.
Ya miƙo tasa 'yar Bida, gindinta ya yi kore,
da akushi baƙi wuluk
da ya sha man shanun wasu tun ba a haife ni ba,
da butar shayi wadda murfinta ya ɓata
aka ara mata na wata, suna zaman haƙuri.

Sai can ƙasa, ƙarƙashin tsohuwar jarida,
farantin tangaran:
fari, bakinsa shuɗi, tsuntsaye biyu a kan reshe.
Ya ƙwanƙwasa shi da farce,
ƙara ta tashi siririya, ta daɗe ba ta sauka ba.
Ya ce, "Kin ji? Mai tsaga ba ya amsawa haka."

Na kife shi.
Ɗigo uku na jan fenti.

Haka Inna ke yi wa kayanta shaida,
da tsinken tsintsiya da ragowar fentin ƙofa,
don in an kai abinci gidan suna a Kwarbai
kwano ya san hanyar gida.
Goma sha biyu ne a bangon ɗakinta.
Shekarar da albashin Baba ya maƙale a reluwe,
dillaliya ta shigo bayan isha'i,
ta fita da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi.
Da safe na tafi makaranta da kuɗin jarrabawa.
Bango ya kwana da tabo goma sha biyu,
farare, inda hayaƙi bai taɓa kaiwa ba.

"Na mahaifiyata ne," na ce,
na manta wanda ya nuna so a kasuwa ya gama biya.
Malam ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Hajiya, duk Asabar sai wata ta tsinci uwarta a rumfar nan.
Rabin matan birni ɗigo uku suke yi."
Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya ce albarka.
Na yi kamar zan tafi, ƙafata ta tona mini asiri.

A Keke Napep na rungume shi kamar jinjiri,
kowane rami tsakanin Tudun Wada da Ƙofar Doka
sai da na ji shi a haƙarƙarina.

Inna, yana ta rufe mata ido yanzu,
da babban yatsa take gani.
Ta bi bakin farantin, ta zagaya, ta sake zagayawa.
"Nawa duk sun sha duniya.
Ɗaya ma ke kika yi masa giɓi da cokali
ranar da kika ƙi miyar kuɓewa.
Wannan na wata ne.
Allah ya sa abin da ta sayar dominsa ya yi albarka."

Ta tambayi kuɗinsa. Na faɗi rabi.
Ta ce an cuce ni.

Na tashi neman ƙusa da guduma,
ta riƙo bakin zanena.
"Bango ba ya jin yunwa.
Wanke shi, ki zubo mana dambun nan tun da zafinsa."

Muka sa hannu, ni da ita,
har tsuntsayen biyu suka fito.